Ɗan shugabar Amurka da yariman Ingila: ina ƙarfin littafin yake, ina rauninsa?

Malam Sanusi, Gusau:
Assalamu alaikum. Littafin da nake son mu ɗora a kan sikeli a wannan makon shi ne Red, White & Royal Blue na Casey McQuiston, wanda aka buga a Amurka a watan Mayun 2019, aka kuma mayar da shi fim a 2023. Na san ran wasu zai sosu da wannan zaɓi, domin labarin soyayya ne tsakanin maza biyu. Dalilina shi ne guntayen fim ɗin suna yawo a TikTok, kuma cikin ɗaliban da nake koyarwa akwai waɗanda suka karanta littafin a waya tun kafin ni, saboda haka na ga gara mu da muke kiran kanmu manazarta mu san abin da ke cikinsa da bakinmu.

Ga labarin a taƙaice. Alex ɗa ne ga mace ta farko da ta zama shugabar Amurka a cikin labarin, Ellen Claremont, 'yar jihar Texas, mahaifinsa kuma sanata ne mai asali da Meziko. Henry jikan sarauniyar Ingila ne. Ba sa ga maciji da juna, har ranar bikin yayan Henry suka yi ja-in-ja suka faɗa kan kek ɗin biki na dala 75,000 a gaban masu ɗaukar hoto. Don a rufe bakin jaridu sai fadojin biyu suka tilasta musu yin abotar ƙarya, daga nan abotar ta zama ta gaske, ta wuce abota, a daidai lokacin da uwar Alex ke neman zarcewa a zaɓen 2020. Ra'ayina shi ne rabin farko na littafin aikin gwani ne, rabin ƙarshe kuwa marubucin ya yi wa jarumansa rangwamen da bai kamata ba. Bismillah.

Alhaji Mu'azu, Talata Mafara:
Wa alaikumus salam. Malam Sanusi, ina ganin girmanka, amma ban ji daɗin wannan zaɓi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Abin da littafin yake ƙawatawa addininmu ya haramta shi, babu saɓani a kai tsakanin malamanmu, kuma muna zaune a jihar da ta fara aiwatar da shari'a a Janairun 2000. A wannan zaure akwai 'yan mata da samari waɗanda ba su yi aure ba. Idan muka zauna muna cewa nan ya yi kyau, can ya yi armashi, me muke koya musu? Mai yabon ƙoƙon giya bai sha ba, amma ya taya mai sayarwa talla.

Anti Rakiya, shugabar zaure:
Baba Alhaji, an ji kokenka, kuma yana kan hanya. Ga ƙa'idar da za mu bi: babu wanda zai turo littafin ko wani yanki nasa a nan, babu kwatanta wuraren da suka shafi shimfiɗa, babu zagin kowa, na cikin zaure ko na wajensa. Za a yi magana a kan ginin labari, kamar yadda muka yi wa littafin da ya ƙunshi kisan kai da wanda ya ƙunshi tsafi, ba tare da an ce mun halatta su ba. Wanda bai natsu ba yana iya jiran littafin mako mai zuwa, ba za a ga laifinsa ba.

Hajiya Balkisu, Ƙaura Namoda:
Ni dai marubuciyar littattafan soyayya ce, kuma da idon sana'a na karanta shi. Abin da ya fi burge ni shi ne wasiƙun imel da suke aika wa juna. Ku lura da matsalar da kowane marubucin soyayya yake fuskanta: da zarar masoya sun haɗu sun furta, labari ya mutu, sai ka nemo kishiya ko uwar miji ka jefa a tsakiya don ya ci gaba da numfashi. Wannan littafin ya sami mafita mai sauƙi, wato teku ya raba su, ɗaya a Washington ɗaya a Landan, kowanne da masu gadi a bayansa, saboda haka yawancin kusancinsu a rubuce yake faruwa. A cikin wasiƙun ne muke ganin Henry, wanda a bainar jama'a kamar gunki yake, ashe mutum ne mai karatu, mai barkwanci, wanda mutuwar mahaifinsa ta bar masa tabon da bai warke ba. Muryoyin biyu ba sa kama da juna ko kaɗan: Alex mai gaggawa ne, maganarsa tana tuntuɓe da kanta, Henry kuwa yana auna kowace jimla. Ko an cire sunaye za ka gane wanda ya rubuta wace. Wannan abu ne da yawancinmu muka kasa, domin a littattafanmu saurayi da budurwa da direba da kaka duk da baki ɗaya suke magana, bakin marubuciya.

Sannan akwai dabarar rufe wasiƙa da ɗan yanki daga wasiƙun mutanen tarihi, irin ta Alexander Hamilton zuwa ga John Laurens, da ta Eleanor Roosevelt zuwa ga Lorena Hickok. Da farko ta yi mini daɗi, amma da ta yawaita sai na fara jin hannun marubucin yana tura mini darasin tarihi ta bakin yara biyu.

Aminu, Tsafe:
Anti Balkisu, ni a nan na tsaya. Mutum biyu da duniya ta zuba wa ido, ɗaya ɗan shugabar ƙasa, ɗaya yarima, su zauna suna zuba sirrin da zai iya rusa su a cikin imel? Tun wasiƙa ta farko na san za a fallasa su, kuma hakan aka yi. Idan mai karatu ya hango ramin tun daga nesa, jaruman da aka ce masu kaifin basira ne ba su hango ba, ai an raina hankalin ɗayanmu.

Malam Sanusi, Gusau:
Aminu, hango ramin ba aibi ba ne a irin wannan adabi. Mai karanta labarin soyayya ya san inda za a je tun daga bango, daɗin yana cikin fargabar da yake ji a madadin jaruman. Kuma kar ka manta a siyasar Amurka ta gaske fallasar imel ta girgiza zaɓen 2016, manya masu mashawarta ma sun faɗa wannan rami. Inda nake da ƙorafi shi ne abin da ya biyo bayan fallasar. An shafe fiye da shafi 300 ana gaya mana cewa idan asirin ya tonu sama za ta faɗo: uwa za ta faɗi zaɓe, fada za ta yi watsi da Henry. Asiri ya tonu, sai me ya faru? Jama'a suka cika ƙofar fadar Buckingham suna goyon baya, uwar Henry da ta daɗe a ɗaki cikin makoki ta fito a rana guda ta ja da sarauniya, aka gano cewa abokin hamayyar uwar Alex ne ya sa aka saci wasiƙun, shi ma aka tona masa asiri, sannan aka ci zaɓe da ƙuri'un Texas. Jihar da rabonta da zaɓen ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Democrat tun Jimmy Carter a 1976, kuma a 2020 ta gaske Trump ta zaɓa. Babu abu ɗaya mai tsada da ɗayansu ya rasa har abada. An ci bashin tsoro daga mai karatu, ba a biya ba.

Nafisa, Gusau:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izinin in saɓa maka. Kana auna littafin da mudun da ba nasa ba. A al'adar rubutun soyayya na Turawa, kyakkyawan ƙarshe sharaɗi ne, idan babu shi littafin ya fita daga wannan rukuni gaba ɗaya. Kuma akwai dalili na biyu. Shekaru da yawa labaran irin waɗannan mutane a adabin Turai da Amurka da mutuwa suke ƙarewa, ko hauka, ko rabuwa, har abin ya zama kamar doka. Wanda ya rubuta wannan da gangan ya ƙi bin wannan hanya, ya gina wata Amurka ta mafarki wadda mace ta ci zaɓen 2016, don masu karatunsa su huta. Mu ma ai haka muke yi. Yarinyar da aka yi wa auren dole a Gusau ba ta karanta littafin Anti Balkisu don a sake nuna mata rayuwarta, tana karantawa ne don ta ga wadda ta tsira. Masu karatu a Goodreads, shafin intanet na masu son littattafai, sun zaɓe shi gwarzon littafin soyayya na 2019, alamar cewa ya biya buƙatar waɗanda aka rubuta dominsu.

Malam Sanusi, Gusau:
Ɗiyata Nafisa, ban ce a kashe kowa ba. Kyakkyawan ƙarshe daban, ƙarshe mai araha daban. Tarihin gidan sarautar da ake magana a kai ma ya ba da misali: a Disambar 1936 Sarki Edward na takwas ya sauka daga gadon mulki domin ya auri Wallis Simpson, ya sami matar, ya rasa sarauta, ya ƙare rayuwarsa a Faransa. Watanni kaɗan bayan fitowar wannan littafi, a Janairun 2020, Yarima Harry da matarsa suka ajiye ayyukan fada, kowa ya ga abin da hakan ya jawo tsakaninsa da danginsa. Da Henry ya sami masoyinsa amma ya rasa wani abu da muke jin zafinsa, da murnar ƙarshen ta fi nauyi.

Barista Kabiru, Gummi:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Malam, ta fuskar da na fi sani. Haɗarin da ke kan waɗannan samari biyu haɗarin suna ne da kujera, ba na doka ba. Ingila da Wales sun halatta auren jinsi ɗaya da dokar 2013, aka fara ɗaurawa a Maris 2014, kotun ƙolin Amurka kuma ta halatta shi a duk jihohi a Yunin 2015. A nan Najeriya kuwa, a Janairun 2014 ne Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyar masu neman jinsi ko nuna alaƙar a fili, ban da abin da dokokin shari'a na jihohinmu suka tanada. To mai karatu a nan, ko yana goyon bayan dokar ko ba ya yi, idan aka ce masa jarumi yana cikin mugun haɗari, sannan ya ga jarumin yana da jirgin sama na musamman, da masu gadi, da lauyoyin da ke sa kowa ya rattaba hannu a takardar riƙe sirri, dole ya ji tsoron nasu bai kai zuci ba. Littafin bai taɓa leƙa rayuwar wanda ba shi da gata ba, sai ta hanyar gidajen agajin matasa da abokin Henry yake ɗaukar nauyi, su ma daga nesa aka nuna su.

Wannan abokin, Pez, sunan gidansu Okonjo, wato asalinsa Najeriya ne. Attajiri ne mai son ado da raha, kuma ban ga inda aka ba shi wata damuwa tasa ta kansa ba. An ɗauko sunanmu an yi kwalliya da shi, an bar ƙasar da abin da ke cikinta.

Alhaji Mu'azu, Talata Mafara:
Na so in yi shiru, amma bayanin da kuka yi ya sa dole in tambaya. A cikin wannan littafi mai shafi fiye da 400, akwai mutum ɗaya mai mutunci, mai son yaran nan da gaske, wanda ya ce musu bai yarda da abin da suke yi ba saboda imaninsa? Ko kuwa duk wanda bai yarda ba mugu ne?

Hajiya Balkisu, Ƙaura Namoda:
Baba Alhaji, ka taɓo inda yake ciwo. Amsar ita ce babu. Masu adawa uku ne: sarauniya, wadda aka zana a matsayin tsohuwa mai sanyin zuciya da ba ta damu da komai ba sai martabar gida, yayan Henry, Philip, mai tsoron abin da za a ce, da ɗan takarar hamayya, Richards, wanda aka ɗora wa kowane irin laifi har da cin zarafin matasan da ke aiki a ƙarƙashinsa. A ɗaya ɓangaren kuwa uwa, uba, mijin uwa, yaya, ƙawa, ma'aikatan fada, kowa ya amince cikin 'yan mintuna. Uwar Alex ma da ya gaya mata, zama ta yi ta shirya masa bayani a allon kwamfuta kamar taron ofis, abin dariya ne kuma ya yi daɗin karatu, amma ya nuna maka cewa marubucin ba ya son kowa mai kirki ya sha wahalar yanke hukunci. Babi mafi ƙarfi da littafin zai iya samu shi ne na uba ko kaka mai ƙaunar yaron har cikin ɓargo, kuma mai riƙe da aƙidarsa har cikin ɓargo, a bar su a ɗaki ɗaya a ga yadda za su yi. Ba a rubuta wannan babi ba.

Amma laifi tudu ne. Mu duba namu. A littattafan da muke sakawa a WhatsApp da Wattpad, idan mai neman jinsinsa ya fito, wane ne shi? Ko dai Alhaji ne mai neman duniya ta hanyar boka, ko babbar hajiya mai lalata 'yan mata da kuɗi, ko ɗan daudu da aka kawo don a yi dariya a wuce. Ba shi da uwa, ba shi da dare da yake kwana yana kuka yana roƙon Allah, ba shi da tunani. Alhali 'yan daudu muna ganinsu a tasha da kasuwa suna sayar da abinci tun muna yara, kowannensu ɗan wani ne. Su sun mayar da mai adawa dodo, mu mun mayar da mai yin abin dodo, kuma a ma'aunin sana'a rauni ɗaya ne: marubuci ya ji tsoron bai wa wanda ba ya so cikakkiyar zuciya.

Alhaji Mu'azu, Talata Mafara:
Hajiya, ban yarda rauni ɗaya ba ne. Wanda ya munana haram a rubutunsa bai yi daidai da wanda ya ƙawata ta ba, ko da duka biyun sun gaza a fasaha. Sai dai na yarda da ke a abu guda: wa'azin da aka gina a kan mutumin da babu irinsa a duniya ba ya shiga kunnen kowa. Yaron da ke fama da wannan a zuciyarsa, idan ya karanta ya ga an zana shi a matsayin matsafi, zai ce ba da shi ake ba, ya rufe littafin.

Barista Kabiru, Gummi:
Kuma irin wannan zane yana da sakamako a wajen littafi, Baba Alhaji. Idan aka saba wa jama'a da cewa wani rukuni na mutane dodanni ne, ranar da aka nuna wani da yatsa a unguwa, ko da ƙazafi ne, ba a jiran alƙali. Shari'ar da muke magana a kai ta tsananta sharuɗɗan shaida, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma tanadi hukunci ga mai ƙazafi. A nan ne ma nake ganin littafin ya yi wani abin kirki, domin ya nuna fallasa a matsayin zalunci: wasiƙun da mutum ya rubuta a keɓe, har da maganar mutuwar mahaifinsa da matsalar shaye-shayen 'yar'uwarsa, a wayi gari suna shafin farko na jarida. Shafukan da suka biyo bayan wannan, kafin a fara warware komai cikin sauƙi, su ne mafi gaskiya a littafin.

Nafisa, Gusau:
Ni abin da nake ganin ba a yaba ba shi ne yadda aka nuna nauyin gidan sarauta. Henry ba shi ne magaji ba, amma ba shi da ikon zaɓen aikinsa, ko tufafinsa, ko wadda za a gan shi da ita a hoto. Duk wanda ya san gidajen sarauta na ƙasar nan, daga Anka zuwa Argungu, ya san ɗan sarki yana da gata kuma yana da sarƙa, kuma sau da yawa aurensa maganar manya ce kafin ta zama tasa. Wannan ɓangaren ban buƙaci a fassara mini shi ba. Sannan an yi dabara da aka tsaya a kan idon Alex kaɗai, ba mu shiga zuciyar Henry sai ta wasiƙa, shi ya sa lokacin da ya gudu daga gidan hutun bakin tafki a Texas ba tare da sallama ba, muka ruɗe tare da Alex.

Aminu, Tsafe:
Wannan dabarar tana da tsada, Nafisa. Henry ne yake da labarin da ya fi nauyi, shi ne wanda zai iya rasa gida da dangi, amma an ba da ragamar ga wanda ya fi surutu. Kuma littafin ya yi tsawo. Babukan yaƙin neman zaɓe, da lissafin gundumomin Texas, da zancen wani sanata mai suna Luna, duk suna janye labarin daga inda zuciyarsa take. Masu fim sun gane haka, suka rage siyasar, suka cire yayar Alex wato June gaba ɗaya, suka mayar da sarauniya sarki. Ga kuma barkwancin da ya dogara da waƙoƙi da finafinan Amurka na wancan lokaci, wanda rabinsa ya wuce ni, kuma ina zaton nan da shekara goma zai wuce 'yan Amurkan ma.

Hajiya Balkisu, Ƙaura Namoda:
Cire June asara ce a wurina, Aminu, domin ita kaɗai ce a gidan take tambayar ko rayuwar siyasa ta cancanci abin da take ci. Game da wuraren shimfiɗa kuwa, tunda Anti Rakiya ta hana kwatantawa, abin da zan ce kawai shi ne suna da yawa, a fili suke, kuma bayan na biyu ko na uku ba sa ƙara wa labarin komai. Wannan cuta ce da ta shigo rubutunmu na intanet ma, inda ake sayar da babi da alƙawarin abin da ke cikinsa. Marubutan Kano na shekarun 1990, da aka yi ta suka har aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, ba su rubuta ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ake turawa a waya yau ba. Ba zan ba wa 'yata wannan littafi ba, kamar yadda ba zan ba ta da yawa daga cikin namu ba.

Malam Sanusi, Gusau:
Hajiya, ina da tambaya gare ki a matsayinki na mai alƙalami. Babin nan da kika ce ba a rubuta ba, na uba da ɗa a ɗaki ɗaya, kowanne da cikakkiyar zuciya, ke za ki iya rubuta shi da Hausa, a sa shi a Gusau ko Ƙaura, ba tare da kin mayar da ɗayansu dodo ba?

Hajiya Balkisu, Ƙaura Namoda:
Rubutawa zan iya, Malam, fitarwa ce matsala. Idan na ba yaron zuciya za a ce ina tallata ɓarna, a yi ta yawo da hotona. Idan na ba uban gaskiya, masu ba da kyaututtuka na waje za su ce na koma baya. Masu biyan kuɗi su karanta littattafaina a rukunina na intanet kuwa yawancinsu matan aure ne da ke son a kai su Dubai a dawo da su lafiya, ba su biya don a hana su barci ba. McQuiston ma ina zaton irin wannan lissafi aka yi, aka san wa zai saya, aka ba shi abin da yake so. Da zan rubuta, daga bakin uwar zan ba da labarin, domin ita ce za ta shiga ɗakin mijinta da daddare ta kuma kai wa ɗanta abinci da safe, kuma babu mai karatun da zai iya zarginta da rashin imani ko rashin tausayi.

Anti Rakiya, shugabar zaure:
Za mu rufe wannan zaren bayan sallar isha'i. Baba Alhaji ne zai zaɓi littafin mako mai zuwa, a turo sunansa kafin Juma'a don masu nema su samu.